Wanda Ya Ce To, Shi Ke Shara

Ranar Asabar, daga ɗakin gyara

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara, da 'yan matan da kike koya wa ɗinki. Yaya ciwon bayan nan? Na san ba ki daina zama kan keken ɗinki tun safe har yamma ba, ko da likita ya hana. Mu nan lafiya lau. Matata tana gaishe ki, ta ce rigar ta yi mata daidai, hannun ne kawai ya ɗan matse, amma wai laifin hannunta ne ba na ɗinkinki ba.

Kin yi ƙorafi na yi shiru. Aiki ne ya sha kaina. Wata ƙungiyar agaji ta ƙasar waje ta kawo wa asibitinmu injin da ke tace iska ya fitar da oksijin, wato iskar da ake sa wa marar lafiya a hanci idan numfashi ya gagara. An gina masa ɗaki a bayan ɗakin kwanciyar yara, an ja bututu ta bango har kan gadaje. Da can silinda, wato tukwanen ƙarfe masu ɗauke da iskar, muke jira daga babban birni, tafiyar yini guda, idan mota ta lalace a hanya kuwa sai dai mu kauce wa idon iyaye. Kin san abin da nake nufi, ba sai na rubuta ba.

Tare da injin suka turo mana wata injiniya, doguwar mace mai saurin tafiya, fensir a maƙale a gashinta kullum. Za ta yi 'yan watanni tana koya mana, sannan ta tafi ta bar mana shi. A sashen gyara akwai ni, da Baba Mai-waya wanda ya koya mini riƙe filaya tun ina saurayi, da Mai-walda, mace ɗaya tilo a cikinmu, wadda bakinta ya fi wutar waldarta zafi, sai Gajere mai famfo. Da yake ni na yi sakandare, ni ne tafinta. Ta faɗa da harshensu, in juya musu da namu.

Abin da ke hana ni sakewa shi ne ɗakin ajiyar da ke ƙarshen baranda, wanda muke kira Maƙabarta. Duk injin da aka taɓa kawo mana kyauta yana can a kwance, ƙura ta rufe shi, wasu ma ledarsu ba ta gama fita ba. Kowanne an yi masa taro da hotuna ranar da ya zo. Na rubuta a littafina na kullum cewa wannan ba zai shiga can ba muddin ina sashen nan. Da na sake karantawa sai na ji kamar na cika baki. Ni wane ne? Amma ban goge ba.

Darasi dai yana tafiya. Har ta koyi kalma ɗaya ta harshenmu. Ta lura duk abin da ta nuna, sai mu ce "to", ta tambaye ni ma'anarsa, na ce mata yana nufin an yarda. Ta ji daɗi ƙwarai. Yanzu ita ma "to" take ce wa kowa, har mai gadi.

Ki gaishe mini da kowa da kowa.

Ƙaninki,
Auta


Ranar Laraba

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau, ina fata kowa yana lafiya. Takardarki ta zo. Na gode da addu'a, kuma na ji faɗan da kika yi mini a kan cika baki. Ashe ma ba ki san rabinsa ba.

Shekaranjiya Injiniya ta tafi taro babban birni. Da hantsi sai ga Babbar Nas, wadda ke kula da ɗakin yara, ta leƙo ta ce injinmu yana kuka. Muka ruga. Wata jar fitila tana ƙyaftawa, allon injin ya rubuta cewa a canza filta, abin da ke tare ƙura kafin iska ta shiga. Yaya, wannan aikin ta nuna mana shi ya fi a ƙirga. Duk lokacin da ta nuna mun ce "to".

Muka tsaya gaban injin kamar masu jiran mota. Gajere ya ce ai bawul ɗin hagu, abin da ke buɗe wa iska hanya, ake fara rufewa. Mai-walda ta ce shin hagunsa yake nufi ko hagun injin. Baba ya goya hannu a baya yana duban rufi. Suka juyo gare ni, tunda ni ne bakin Injiniya. Sai na tarar duk kalmomin suna kaina, zan iya karanto su a jere, amma hannuna bai san komai ba. Maganar ta shiga kunnena ta fita bakina ba ta taɓa biyawa ta yatsuna ba.

Ba wanda ya taɓa shi. Muka kashe, Babbar Nas ta mayar da yaran kan sauran silindar da ke ajiye. Da za ta wuce ta ce mana, "Sannunku da tsayuwa. In kawo muku kujeru?"

Jiya Injiniya ta dawo, ta canza filtar kafin shayin da aka zuba mata ya huce. Ta tambayi dalilin da ya sa muka jira. Baba ya ce in faɗa mata ba ma son mu taɓa kayanta ba ta nan, don girmamawa. Na juya mata haka. Ta yi dariya ta ce mun cika kirki, nan gaba mu yi abinmu kawai. Muka ce "to".

Tun lokacin nake juya kalmar nan a raina. Na ce mata tana nufin an yarda, kuma ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi ko kwata ba. Akwai "to" na na ji. Akwai na ci gaba ina sauraro. Akwai wanda matata ke yi idan na ce zan gyara ƙofar bayi ranar hutu, wanda ke nufin za mu gani. Akwai na Baba, gajere, mai nufin ki gama ki ba ni wuri. Wanda ke nufin na gane har zan iya yi da hannuna, ban tabbata ma akwai shi ba. Ita kuwa duk "to" da ta ji, sai ta sa alama cewa an iya.

Saura 'yan makonni ta tafi. Idan na yi shiru, za a ba mu takardar shaida da hoto, injin kuma ya bi 'yan'uwansa. Idan na yi magana, na tona mana asiri gaban baƙuwa, har da mutumin da ya koya mini sana'a. Ban san ko ina da ƙarfin halin ba. Amma na san ba zan iya sake tsayuwar nan ba.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Auta


Ranar Lahadi

Yayata ta kaina,

Gaisuwa da fatan alheri. Na yi murna da jin bayan ya yi sauƙi. Yarinyar nan da kika ce ta ɗinka aljihu a ciki-waje, ki yi mata haƙuri, 'yar'uwata ce a sana'a.

Na yi maganar. Na fara da Darakta, shugaban asibitin, don kada a ce na tsallake shi. Na tsara abin da zan faɗa tun a gida, amma da na shiga ofishinsa, fanka tana juyawa, yana sa hannu a takardu, sai rabinsa ya gudu. Na dai ce, "Ranka ya daɗe, ba mu iya injin nan ba." Ya ajiye alƙalami ya dube ni. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce in yi tunani: mutanen nan idan suka ji ba ma iya riƙe abin da suka ba mu, gobe wani asibitin za su kai. Ya ce an riga an sa ranar miƙa injin, an gayyaci manya. Ya ce in bar ta ta tafi da farin ciki, daga baya ma lallaɓa.

Yaya, ba mugu ba ne, tsoronsa na gaskiya ne. Amma lallaɓawar nan ita ta cika Maƙabarta. Na ce masa haka. Ya dubi fanka, sannan ya ce, "To." Na zaɓi in ɗauke shi a matsayin izini.

Na sami Injiniya a ɗakin injin tana goge ma'auni. Na ce ina so in gyara wata fassara da na yi mata. Na yi mata "to" kala-kala da bakina, na matata, na Baba, na mai gadi, har da dogon nan, "tooo", na mamaki. Da farko tana dariya. Da ta fahimci inda na dosa sai dariyar ta ɗauke. Ta zauna a kan akwatin kayan aiki, ta cire fensirin daga gashinta tana juya shi. Ta ce ta riga ta aika wa ofishinsu cewa an horar da mu duka. Ta ce su can abin da suke tambaya shi ne mutum nawa suka zauna a darasi, ba wanda ya taɓa tambayarta ko mutum nawa za su iya. Ta ce wannan ba shi ne asibiti na farko da ta koyar ba, kuma yanzu tana tunanin sauran.

Na ji tausayinta, wallahi. Na ɗauka mu kaɗai ke jin kunya.

Ta nemi a ƙara mata lokaci, ofishinsu ya ce babu hali, ana jiran ta a wata ƙasa. Ta tambaye ni yadda mutanenmu ke koyon abu, tunda nata salon bai ci ba. Nan na tuna da ke. Na tuna ba ki taɓa tambayar yarinya "kin gane?" ba, sai dai ki tashi daga kan keken ki ce "zauna ki nuna mini". Na tuna yadda kike juya allura baibai ko ki kwance zaren ƙasa, ki ɗauki jaka ki tafi kasuwa, ki bar yarinya da keken da ya ƙi ɗinki. Na ba ta labarinki. Ta ce a gaishe ki, wai ke ce ya kamata ƙungiyarsu ta ɗauka aiki.

Gobe za mu fara. Ban san yadda Baba zai ɗauka ba.

Naki,
Auta


Ranar Juma'a da yamma

Yaya,

Ina fata kuna lafiya. Ki yafe mini rubutun, yatsana ne murfin inji ya datse, ba wani abu ba ne.

Ga yadda muke yi yanzu. Mun tara silinda a ɗakin yara don kada a bar kowa babu iska. Kowace safiya Injiniya tana riga mu shiga, ta ɓata wani abu a injin, ta fito ta zauna a bakin ƙofa, hannuwanta a aljihu. Mu nemo, mu gyara. Ba ta taɓa sifana. Idan ta ga mun nufi inda za mu yi ɓarna ne kawai take tari. Kuma mun kafa doka: duk wanda ya ce "to" a ɗakin nan, shi ke sharar ɗakin gyara ranar. Ko ka ce "ban gane ba", ko ka ɗauki sifana ka nuna.

Ranar farko ni na fara cewa "ban gane ba", da ƙarfi, gaban kowa, don in buɗe hanya. Ya fi cire haƙori wuya. Gajere ya yi shara har tsintsiya ta san hannunsa. Mai-walda ta ce da ma can sana'ar da ta dace da shi ke nan, tunda ya fi kowa kusa da ƙasa. Ya ce ita kuma da za a haɗa bakinta da injin, da ba a bukatar kwampresa mai hura masa iska. Rannan Injiniya da kanta ta manta ta ce "to", Mai-walda ta miƙa mata tsintsiya ba ko murmushi. Ta share tas, har ƙarƙashin benci.

Mai-walda ta ba ni mamaki. Ba ta jin kunyar tambaya ko kaɗan, tana iya tambayar abu ɗaya har sai ni mai fassara na gaji. Yanzu tana sa kunne a jikin injin ta ce bawul kaza ne ke wasa. Ni kuwa a hankali nake, sai na bi mataki-mataki kamar yadda na tsara a littafina, kuma sau da yawa ina komawa baya don ban yarda da kaina ba. Amma hannuna ya fara sani, Yaya. Jiya ya rufe bawul kafin in tuna masa.

Baba ne damuwata. Ranar da aka kafa dokar ya ce shi yana haɗa waya tun kafin a yaye wannan baƙuwar, ba zai tsaya gaban yara yana cewa bai gane ba, balle a ba shi tsintsiya. Ya ɗauki jakarsa ya koma gyaran fitilun baranda. Na bi shi gida, na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Kai da na koya wa bambancin jar waya da baƙa, yau kai ne za ka yi mini jarrabawa?" Na ce ba jarrabawa ba ce, Baba. Ya ce, "To." Irin nasa.

Ga shi ɓangaren lantarkin injin ba wanda ya kai shi hannu a cikinmu. Allon nan mai rubutu ne kawai ya tsaya masa, kuma ba zai tambaya ba. Na kan ce ko na yi kuskure, ko da na bi da shi ta wata hanya. Amma dokar ba zan janye ba. Na lura dai fitilar da ke daidai tagar ɗakin injin ta cika lalacewa kwanan nan, kullum yana kan tsani a wurin.

Jibi za a yi taron miƙawa, washegari ta tafi.

Ƙaninki,
Auta


Ranar Talata

Zuwa ga Yayata, malamar malamai,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da maigida da yara. Kwana biyu ban rubuto ba, na bari ne sai ina da abin faɗa.

An yi taro, an ɗauki hoto, Injiniya ta tafi. Ta bar wa Mai-walda fensirinta. Makonni suka wuce injin yana ta aikinsa, mun canza filta da kanmu har ba ma ƙirgawa.

Jiya da safe ya tsaya cak. Ba irin ɓarnar da ta saba yi mana ba ce, wannan tasa ce ta kansa. Babbar Nas ta zo, wannan karon babu zolaya. Ta ce akwai jarirai a kan iska, silindar da ke ajiye za ta kai la'asar, motar babban birni kuwa sai gobe. Na kira Injiniya a waya, ba ta shiga. Na ji tsayuwar nan ta dā tana neman dawowa.

Sai na ce mu fara daga farko, kamar kowace safiya. Gajere ya bi bututu, babu yoyo. Na duba filta da bel ɗin da ke juya injin, lafiya. Mai-walda ta bi allon shafi-shafi har ta gano cewa injin yana ba wani bawul umarni, bawul ɗin ba ya amsawa. Muka kwance shi, lafiyarsa ƙalau. Wuta ce ba ta isa gare shi. Muka buɗe akwatin lantarki, wayoyi cunkus kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi. Nan iliminmu ya ƙare.

Ban aika a kira Baba ba. Juyowa na yi na gan shi a bakin ƙofa da jakarsa. Ya shigo bai kalli kowa ba, ya tsaya gaban akwatin. Mai-walda ta matso ta shiga yi masa bayanin abin da allon ya nuna, da sauri-sauri yadda ta saba, tana nuni da fensir. Ta gama. Na ga bakinsa ya haɗu zai fitar da kalmar nan, har Gajere ya saci kallon tsintsiya.

Sai ya ce, "Ban gane ba, 'yata. Sake, a hankali."

Ta sake. Ya tsayar da ita a tsakiya ya ce nan ma bai gane ba. Ta sake. Sannan ya ɗaga gira ya ce ashe abin da allon ke ta surutu a kai ke nan, ya ciro abin gwajin wutarsa, ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya har ya kai ga wadda jijjigar injin ta sassauta, bakinta ya ƙone. Bai gyara ba. Ya miƙo mini filaya ya ce in yanke in sake haɗawa yana kallo, sannan ya sa Mai-walda da Gajere kowa ya nuna masa inda wayar ta fito da inda ta nufa. Ya goya hannunsa a baya har muka gama.

Kafin azahar injin ya tashi. Na bi bututun da kaina har ɗakin yara, na tsaya ina kallon ɗan ƙwallon da ke cikin ma'aunin iska yana rawa a kan gadon wata jaririya. Uwarta ba ta ma san an yi wani abu ba, tana gyara mata zani. Ban taɓa jin daɗin rashin godiya irin na jiya ba.

Da yamma na aika wa Injiniya saƙo na faɗa mata duk yadda aka yi. Amsarta kalma ɗaya ce: "Tooo", ta ja shi har ya cika layi. Mai-walda ta ce a rubuta mata cewa dogo ne ko gajere, doka doka ce, shara tana jiran ta.

Na je wurin Darakta yau na karɓo makullin Maƙabarta. Akwai injin ɗumama jarirai a can da nake zargin ba mutuwa ya yi ba, ba a dai taɓa gane shi ba ne. Wataƙila na sake cika baki. Ranar Litinin za mu fito da shi, Baba ya ce shi zai fara tambaya.

Ki gaishe da 'yan matanki. Ki ci gaba da juya musu allura.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Auta